Sharhi a kan itacen kotoniyasta da na saya a Maraɗi

A watan Nuwamba na sayi dashen kotoniyasta, wani ɗan itacen ado mai rassa masu zubowa ƙasa, a wajen wani mai renon itatuwa a nan Maraɗi, bayan ya turo mini hotonsa ta WhatsApp cike da jajayen ƴaƴa. Kuɗin da na biya ya isa in jera mangwaron aure daga ƙofar gida har bayan ɗaki, amma ban yi ciniki mai tsawo ba, domin ɗan itace nake nema wanda ba zai tsaga mini katanga ba, kuma an ce mini wannan ba ya wuce mita 2 da ɗan wani abu.

Da farko ba ni da abin kuka. Mai itacen da kansa ya zo ya haƙa rami, ya cuɗa rairayi da ruɓaɓɓen taki, ya kafa sandar tokara, ya kuma gargaɗe ni kada in bar ruwa ya kwanta a gindinsa. Duk tsawon hunturu ganyensa na sheƙi, rassan sun sauko kamar lema, har maƙwabta na leƙowa kallo.

A watan Fabrairu wasu rassa masu ƙarfi suka toho daga jikin kututturen suka miƙe sama, sai na kira mai itacen, ya aiko yaronsa ranar da ba na gida. Da na dawo bayan la'asar na tarar da rassan nan masu zubowa a tare a gefe kamar shara, miƙaƙƙun kuwa suna tsaye. Yaron ya ce wai ya cire raunanan ne ya bar masu lafiya. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, wannan itace ɗan aure ne: ana ɗaura irin mai zubowa a saman miƙaƙƙen kututture na wani irin, saboda haka duk tohon da ya fito ƙasa da gaɓar auren shi ake cirewa tun yana ƙarami. Manomin mangwaro a Jiratawa ba ya bukatar a koya masa wannan. Da na kira maigidansa, cewa ya yi: “Alhaji, ka yi haƙuri, ai zai sake tohowa.”

Reshe biyu ne suka tsira daga almakashin, kuma na ci gaba da lallaɓa su ina ɗora laifin duka a kan yaron, har bazara ta shigo. A watan Afrilu, da zafi ya haura digiri 40, bakin ganyen ya ƙone duk da rumfar zana da na yi masa da ban ruwan safe da maraice. Ɗiyata da ke karatun aikin gona a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ce ta bayyana mini cewa dangin tuffa ne, asalin yawancin ire-irensa ƙasar Sin da duwatsun Himalaya, kuma a lambunan Turai ne yake fitar da fararen furanni a farkon lokacin ɗuminsu, ƴaƴan su nuna ja idan sanyi ya gabato. Ke nan hoton da aka turo mini ba a ƙarƙashin ranar Katsinar Maraɗi aka ɗauke shi ba.

Daga nan na sauke wa yaron rabin laifinsa. Wanda ya san kada ruwa ya kwanta a gindin itace ya san ƙasar da itacen ke so, amma ya karɓi kuɗina ya yi shiru. Ya yi mini alkawarin dashen lemun tsami biyu a madadinsa idan damina ta sauka, ga shi an yanke gero ban gan su ba. Kututturen yana nan a tsakar gida, uwargida ta ɗaura masa igiyar shanya.