Rumfar Takalman Gudu a Kasuwar Sabon Gari: Ra'ayin Dattijo Mai Gudun Hunturu

A Kasuwar Sabon Gari da ke Zariya, cikin layin masu gwanjon takalma, akwai wata ƙaramar rumfa da mai ita ya keɓe ta ga kayan motsa jiki kawai, kuma a can nake sayen takalmin gudu tun da farashin sabo ya fi ƙarfin aljihun ɗan fansho. Na haura shekara 60, ina gudun dogon zango ne don lafiyata da kuma sha'awa, kuma abokan sassarfa da dama sun sha tambayata ko takalmin gwanjo zai iya ɗaukar atisayen kilomita 21 ba tare da ya cutar da gwiwar dattijo ba. Amsata ita ce zai iya, amma sai an same shi a hannun mai sayarwa da ya san abin da yake sayarwa, kuma wannan bawan Allah yana daga cikin kaɗan da na gani sun sani.

Hunturu shi ne lokacin da mai gudu a Zariya yake gina nisansa. Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, sanyin asuba kan sauko ƙasa da digiri 15, jiki ba ya saurin ɗaukar zafi, zuciya ba ta shan wahalar da take sha a Maris da Afrilu sa'ad da rana ke haura digiri 35. Wanda yake da niyyar shiga gudun fanfalaki na Legas, wanda aka fara a 2016 kuma ake yi a watan Fabrairu, a cikin waɗannan watanni ne zai yi dukkan dogayen gudunsa. Ni rabin zangon nake yi, wato kilomita 21, irin wanda aka yi a Kaduna a Nuwamban 2020. A tsakiyar mako ina yin gajeren gudu a cikin harabar jami'a a Samaru, ranar Asabar kuma bayan sallar asuba sai in hau titin Sakkwato, wani lokaci in nufi Kwangila, wani lokaci in juya wajen Shika, a hankali, da saurin da zan iya magana da abokin tafiya ba tare da numfashina ya sarƙe ba. Mafi yawan wannan hanya kwalta ce, gefenta kuma tsakuwa da jar ƙasa, don haka duk abin da takalmi ya kasa shanyewa, ƙafa ce za ta shanye shi.

A nan ne shekaru suke shigowa cikin lissafi. Kitsen da ke ƙarƙashin diddige yana raguwa yayin da mutum yake manyanta, agara tana rage laushi, kuma gajiyar da matashi zai warware a kwana ɗaya takan bi dattijo har tsakiyar mako. Saboda haka abin da ya fi damuna a takalmi shi ne soson da ke tsakanin tafin ƙafa da robar da ke taɓa ƙasa. Masu ƙera takalman gudu galibi suna ba da shawarar a sauya takalmi bayan kilomita 500 zuwa 800, domin a daidai nan soson yake mutuwa ko da samansa yana nan fes. Babbar matsalar gwanjo ita ce babu wanda zai gaya maka nisan da mai takalmin na farko ya riga ya ci a Turai ko Amurka kafin a ɗaure shi cikin dila. Mafi yawan masu sayarwa a layin suna wanke kambas, su shafa masa farin alli, su cusa masa takarda ya tsaya kyam, sai mai saye ya ga kyan fuska ya biya.

Mai wannan rumfa ba ya fara nuna maka takalmi sai ya yi maka tambayoyi. Ya kan ce, "Baba, a kwalta kake gudu ko a fili? Kilomita nawa a mako? Ina ne yake maka ciwo idan ka dawo?" Sannan ya nemi ganin tsohon takalminka idan ka zo da shi, ya kifa shi ya duba inda robar ta fi cinyewa. Da ya ga nawa ya lura gefen waje na diddigen hagu ya fi na dama zaizayewa, sai ya ajiye wasu biyu da ya riga ya ciro, ya ce ba za su dace da takuna ba. Yadda yake gwada soson kuwa ya cancanci a koya. Ya kan zare shimfiɗar ciki, ya sa babban yatsa ta cikin takalmin ya danna daidai wurin diddige, ɗayan hannun yana tallafe da ƙasan, ya ce in danna ni ma in ji ko soson yana dawowa ko ya kwanta. Daga nan ya fito da shi bakin rumfa inda haske yake, ya nuna mini gefen soson: idan akwai layukan tamoji masu zurfi a jere, to an riga an tatse shi. Ya kan ɗora takalmin a kan benci ya dube shi ta baya, ko ya karkata gefe ɗaya, ya kuma murɗa shi kamar mai matse wanki don ya ji ko tsakiyarsa tana da sauran ƙarfi. A ƙarshe ya ɗaga harshen takalmin ya karanta 'yar takardar da ke liƙe a ciki, domin kamfanoni da yawa suna buga watan da shekarar da aka ƙera shi a wurin, kuma soso yana tsufa ko da ba a taka shi ba.

Yana da Asics da Brooks da New Balance da Nike da Adidas, wani lokaci a samu Saucony ko Hoka, gwargwadon abin da dila ta zo da shi. Wanda na ɗauka a farkon hunturun bana mai kaurin soso ne, mai faɗin gaba, kuma shi ya nace in ƙara rabin lamba a kan abin da na saba sawa. Dalilinsa daidai ne: ƙafa tana kumbura a dogon gudu, kuma ya kamata a bar tazarar faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmi, in ba haka ba farce ya yi baƙi ya fita. Ya bar ni na sa safar da nake gudu da ita, na ɗaure igiya, na yi 'yar sassarfa zuwa ƙarshen layi na dawo, abin da wasu masu rumfa ba sa yarda da shi sam. Takalmin ya riƙe ni cikin dogayen gudun Disamba da Janairu, gwiwata ba ta yi ƙorafi ba, kuma tsamin da nake ji a agara da safe ya ragu ƙwarai.

Akwai abu guda da ya kamata mai gudun asuba ya sani, wanda shi ma mai rumfar ya ambata mini. Soson da aka fi yin takalman gudu da shi, wato EVA, yana ƙara tauri a cikin sanyi, kuma tsohon soso ya fi nuna hakan. Takalmin da ka gwada da rana tsaka a kasuwa ya yi maka laushi, da asubar Janairu za ka ji shi ya ɗan ƙage a kilomitocin farko. Ni dai ina kwana da nawa a cikin ɗaki maimakon barinsa a baranda, kuma ina fara kowane gudu da tafiyar minti 10 kafin in ɗaga ƙafa, domin tsokar dattijo ma tana bukatar wannan lokaci kafin ta saki. Ya kuma ba ni shawarar in riƙa musanya takalmi biyu, na sayi na biyu mai sauƙin nauyi don gajeren gudu, kuma ban yi nadamar kuɗin ba.

Na ƙara ganin girmansa ranar da wani takalmi mai farantin kabon a ciki ya shigo hannunsa, irin waɗanda suka yi tashe bayan ɗan tseren ƙasar Kenya Eliud Kipchoge ya yi kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 2019. Ya fi kowanne tsada a rumfar, kuma da ya so ya sayar mini da ya sayar. Sai ya ce, "Baba, wannan na 'yan gasa ne masu sauri, ƙasansa siriri ne, a gefen titi zai iya gurɗe maka ƙafa." Ya mayar da shi kan igiya.

Ɓangaren tufafin sanyi bai kai na takalma tsari ba, amma akwai abin amfani a ciki idan ka yi haƙurin tonawa. Kuskuren da na fi gani a wurin sababbin masu gudun hunturu shi ne fitowa da suwaita mai kauri ta auduga, wadda take jiƙewa da gumi bayan minti 20 ta riƙe sanyi a ƙirji. Abin da ya fi shi ne riguna biyu marasa nauyi na roba masu saurin bushewa, ta ciki mai dogon hannu, ta waje mai zif da za a iya buɗewa ko a ɗaura a ƙugu idan rana ta fito, kuma yana da irin waɗannan da araha. Yana da hular sanyi da safar hannu marasa kauri, waɗanda suke da amfani sosai domin kunne da yatsu ne suka fi jin iskar asuba. Abin da na fi yaba masa shi ne riguna masu layin da ke ƙyalli idan fitila ta haska su. A ranar da hazo ya sauka sosai, direban tirela ko ɗan acaɓa ba ya ganin mutum a gefen titin Sakkwato sai ya zo dab da shi, kuma duk dattijon da ke fita kafin gari ya waye bai kamata ya fita ba tare da irin wannan riga ba. Idan ƙurar ta yi yawa har maƙogwaro yana kartawa, ni kan fasa dogon gudu in bari sai ta lafa, domin ƙyallen rufe hanci da yake sayarwa yana rage bushewar iska ne kawai, ba ya tare ƙananan ƙwayoyin ƙura. Safar ƙafarsa kuwa mafi yawanta auduga ce, kuma a lokacin faso, sa'ad da diddige yake tsagewa, safar auduga mai jiƙewa tana ƙara gurzar wurin. Ina sayen safa a wani waje, ina kuma shafa man kaɗanya a diddige kowane dare.

Rumfar tana da aibobinta, kuma ya dace in faɗe su. Cikinta duhu ne, wurin zama benci ɗaya ne tak, don haka ranar da kasuwa ta cika sai dattijo ya gwada takalmi a tsaye yana jingine da bango. Babu rubutaccen farashi, kuma na lura kuɗin da ake faɗa wa baƙo ya fi wanda ake faɗa wa wanda aka saba da shi, saboda haka sai an yi ciniki sosai. Ba ya karɓar takalmin da aka riga aka yi gudu da shi, musanya kawai yake yi idan an dawo da shi washegari ba a taka ƙasa ba, alhali aibin takalmin gudu ba ya bayyana sai an yi nisa da shi. Yaron da ke tsaron rumfar idan maigidan ya fita bai san komai game da soso ba, zai miƙo maka mafi kyan launi ne kawai, don haka idan ba ka tarar da mai rumfar ba gara ka koma wata rana. Manyan lambobi daga 45 zuwa sama suna wuyar samu, takalman mata kuma kaɗan ne ƙwarai, abin da ya hana matata samun nata har yanzu.

Game da kuɗi, abin da na biya bai kai kashi ɗaya cikin uku na farashin sabon irinsa ba, amma mai saye ya sa a ransa cewa takalmin gwanjo, komai kyansa, ba zai ba shi cikakken nisan sabo ba. Ni ina lissafa masa kusan rabi, kuma ina rubuta kilomitocin kowane mako a ɗan littafi don in san lokacin ajiye shi kafin gwiwa ta sanar da ni. Kaya masu kyau suna ƙarewa a ranar da aka buɗe dila, musamman a Nuwamba da Disamba lokacin da ɗalibai suke rububin kambas, don haka wanda yake shirin gudun hunturu ya je tun Oktoba, ya gaya wa mai rumfar lambarsa da irin hanyar da yake bi, zai ajiye masa idan ya ba da kafin alƙalami. Ya fi kyau a je da la'asar, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini, a kuma tafi da tsohon takalmin da safar da ake gudu da ita.