Wata takwas da kibod ɗin kiɗa Arturia KeyLab Essential 49: abin da hannuna ya gaya mini

Kibod na farko da na saya ƙarami ne mai maɓallai 25, irin wanda ake jefawa a jaka. Na yi murna da shi sati biyu, daga nan hannuna biyu suka fara gware da juna. Hagu na riƙe bes, dama na neman waƙa, sai ka ga maɓallai sun ƙare, dole in tsaya in danna maɓallin sauya oktaf, wato mai ɗaga zangon sauti sama ko sauke shi ƙasa. Kafin in dawo, waƙar da ke kaina ta gudu. Abin ya ci mini tuwo a ƙwarya.

Da na tashi canzawa sai na shiga ruɗani: kibod na MIDI babba zan ɗauka ko fiyanon lantarki? Mutane da yawa suna haɗa su, alhali ba ɗaya ba ne. Kibod na MIDI ba shi da sauti nasa ko kaɗan. Saƙo kawai yake aika wa kwamfuta: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, a ma'auni daga 0 zuwa 127. Tsarin nan tun 1983 yake, har yau da shi ake aiki. Fiyanon lantarki kuwa ka kunna ka buga, sifika na jikinsa.

Na shafe yamma guda a kan fiyanon lantarki Yamaha P-45 na wani abokina. Maɓallai 88, masu nauyi, na ɓangaren bes sun fi na sama nauyi kamar a fiyano na gaske. Gaskiya ya yi daɗi a yatsa, kuma yana haɗuwa da kwamfuta ta USB. Duk mai son koyon fiyano da gaske, hanyarsa ke nan. Amma ni kiɗa nake haɗawa a manhajar kwamfuta ta FL Studio, kuma teburina ba zai ɗauki abu mai tsawon fiye da mita ɗaya ba.

Don haka na ɗauki KeyLab ɗin nan, kibod na MIDI. Oktaf huɗu gare shi, sun ishi hannu biyu su sake. Abin da ya fi shiga raina shi ne madannan roba takwas na buga ganga. Da, linzamin kwamfuta nake amfani da shi in jera bugu ɗaya-ɗaya, kiɗa ya fito a sandare. Yanzu da yatsu nake bugawa, wani bugun ya yi ƙarfi, wani ya sassauta, sai ka ji mutum a ciki. Akwai maɓallan murɗawa tara da na ja sama da ƙasa tara, ina daidaita sauti ba tare da na ɗago kai na kalli allo ba. Manhajar Analog Lab da ta zo tare da shi ma ta cika ni da sautukan tsofaffin kayan kiɗa.

Maɓallansa marasa nauyi ne, haka aka tsara irin wannan kibod, don haka kar ka saye shi don horar da yatsu. Ka haɗa da fedar riƙe sauti tun ranar farko. In kuma ka danna ka ji sauti yana zuwa a makare, ba kibod ba ne, je ka sa direban ASIO, wato manhajar da ke rage jinkirin sauti a kwamfuta, ka rage girman bafa (ma'ajin da sauti ke taruwa kafin ya fita) zuwa 128 ko 256.