Amélie a idon masu sharhin Faransa da na waje: ina aka rabu?

Wata 'yar uwa a wannan zaure ta tambaya: me ya sa fim ɗin barkwanci da soyayya na Amélie ya sha yabo a Amurka da Ingila, amma ta ji an ce a gida Faransa har zaginsa aka yi? 'Yar uwa, duka biyun sun faru.

Fim ɗin na Jean-Pierre Jeunet ne, ya fito a watan Afrilun 2001, Audrey Tautou ce jarumar. Labarin wata mai hidimar teburi ne a gidan shan gahawa na unguwar Montmartre a Paris, wadda ke gyara rayuwar maƙwabta a ɓoye, ta kuma kasa furta son da take wa wani saurayi.

A waje, sana'ar aka auna. Roger Ebert, mai sharhin fina-finai na Amurka, ya ba shi taurari uku da rabi cikin huɗu. Ya ci kyautar zaɓin 'yan kallo a bikin fina-finai na Toronto, ya samu kyautar BAFTA biyu a Ingila, ɗaya ta rubutun labari, ɗaya ta tsara wurin ɗaukar fim. A Oscar ya shiga takara a rukuni biyar, bai ci ko ɗaya ba. Kyautar fim ɗin harshen waje ta tafi ga No Man's Land na Bosniya. Abin da suka yaba shi ne kiɗan Yann Tiersen, da kyamarar Bruno Delbonnel, da ƙananan abubuwa irin yadda Amélie ke cusa hannu cikin buhun hatsi a shago, ko ta fasa ɓawon sukarin da ke kan kayan zaƙi da bakin cokali.

A gida kuwa, masu kallo sun haura miliyan 8, kuma ya lashe César, babbar kyautar fina-finan Faransa, guda huɗu, har da ta fim mafi kyau. Kenan ba ƙin sa aka yi ba. Rigimar daga wurare biyu ta taso. Bikin fina-finai na Cannes bai saka shi cikin gasarsa ba. Sannan a ƙarshen Mayun 2001 mai sharhin fina-finai Serge Kaganski ya rubuta a jaridar Libération cewa Paris ɗin da fim ɗin ya nuna ta katin hoto ce, an share baƙi daga cikinta, har ya danganta shi da irin Faransar da Jean-Marie Le Pen, ɗan siyasa mai adawa da baƙi, ke mafarki a lokacin.

Nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau. Montmartre tana gunduma ta 18, tafiyar ƙafa kaɗan ce zuwa unguwar Barbès da kasuwar Château Rouge, inda 'yan Afirka ta Yamma da Larabawan Magrib suka cika tituna. Wanda ya san wurin zai ga babu su a allon. Jeunet kuma ya sa an kwashe shara da rubuce-rubucen bango kafin ɗauka, daga baya aka rina hoton da kwamfuta zuwa kore, ja da ruwan zuma. Ɗan Faransa ya ga unguwarsa an yi mata kwalliya. Ɗan Chicago ba shi da ainihin unguwar a kansa da zai gwada.

A ganinmu, Kaganski ya yi gaskiya kan share baƙin, ya wuce gona da iri kan Le Pen. Jamel Debbouze, ɗan asalin Maroko, shi ne Lucien, yaron shagon da maigidansa ke wulaƙantawa, kuma fim ɗin bayan Lucien yake tsaye ƙarara.

In za ki kalla, nemi wanda aka bar muryar Faransanci da fassara a ƙasa. Mai ba da labari, André Dussollier, yana zuba da sauri a mintunan farko, fassarar ba ta riskarsa, don haka ki maimaita wannan ɓangaren sau biyu.