Sarƙar taimin: a canza ko a ƙyale ta?

Idan motarka Corolla ce ta 2003 zuwa 2008, ko Camry mai injin 2.4, ko Honda Accord mai silinda huɗu ta 2003 zuwa 2007, sarƙa ce ke haɗa karanshaf (sandar da fistin ke juyawa) da kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) don su riƙa tafiya a kan lokaci ɗaya, ba bel ba. Bel, irin na Camry 2.2 ko Peugeot 406, roba ne mai wa'adi, ana canza shi ko bai nuna komai ba. Sarƙa kuwa ƙarfe ce da ke aiki cikin baƙin mai, ba a yanka mata wa'adi ba. Duk bakaniken da ya ce a canza ta don kawai mota ta yi tafiya da yawa, ka tambaye shi me ya ji, me ya gani.

Abin da ake ji shi ne ƙarar kwaram-kwaram daga gefen sarƙar idan an tayar da mota da safe. Abin da ake gani kuma wutar cek injin ce, kwamfuta ta nuna lambar matsala P0016, ko P0341 a Honda, mota ta rage ƙarfi. Ko a nan ma a fara duba tenshina (abin da ke danne sarƙa kada ta saki) da giyar VVT (giyar kamshaf mai sauya lokacin buɗe bawul), don ƙararsu tana kama da ta sarƙa. In babu ko ɗaya, ka riƙe kuɗinka, ka riƙa juye mai a kan lokaci.

Idan aka tabbatar sarƙar ta saki, kada ka ja lokaci. A irin injin Accord, ranar da ta tsallake haƙori fistin na iya bugun bawul, aikin ya koma na buɗe kan inji.

Sarƙar Beljiyam, wato ta hannu, ba na ba da shawararta, ba ka san nisan da ta ci ba. Canza sarƙa kaɗai asarar kuɗin aiki ne. Sauke inji gaba ɗaya kuma sai in yana shan mai yana hayaƙi.

Ni cikakken set sabo nake saya: sarƙa, tenshina, robobin da take bi a kai, giyoyinta, da sil ɗin gaba. Tsohuwar giya tana cinye sabuwar sarƙa, tsohuwar roba kuma tana farfashewa ta toshe ragar famfon mai. Tunda an riga an kwance fuli da murfin gaba, wahalar ɗaya ce, kuɗin aikin ma ɗaya.

Amma a nan ake cutar mutane. An taɓa sayar mini da tenshina a kwali mai tambari da lamba, ba a daɗe ba ƙara ta dawo, aka sake kwance inji. Kwali ba shaida ba ne. Ana buga shi, har ma ana tara na asali a zuba jabu a ciki. Ka je da lambar shasi a fitar maka da lambar kaya. Ka riƙe sarƙar a kwance ta gefe: mai kyau ba ta lanƙwasa sosai. Ka danna tenshina ka ji ko tana da ƙarfi, ka duba ko an goge tsoho ne an shafa mai. Farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa ma abin tsoro ne. Kada ka yarda da "Alhaji, duk ɗaya ne". Ka karɓi rasit, ka tsaya a buɗe kwalin a gabanka, a kuma miƙa maka tsofaffin kayan da aka cire.