Farantin da aka ɗauke daga gabana a Balensiya

Shekarata shida a Balensiya, a gabashin Sifaniya, bakin tekun Bahar Rum, kuma duk wanda ya kira ni daga gida, da an gama gaisuwa sai ya ce, "To wai me kuke ci a can?" Yau zan amsa. Amma sai na fara da abin da ya faru wata Laraba, don har yanzu bai bar raina ba.

Ranar ina hutun aiki, yara suna makaranta, na ce wa maiɗakina ta huta da tukunya mu fita. Muka shiga wani ɗan gidan abinci a unguwar Rusafa, teburinsa bai fi goma ba. A nan suna da abin da suke kira menú del día, abincin rana na ranakun aiki a kan farashi guda: faranti na farko, na biyu, burodi, abin sha, da ɗan kayan zaƙi. Ranar Yuro 13 ne, an rubuta da alli a allo a bakin ƙofa. Na gaya wa matar da ke kawo abinci, wata dattijuwa mai furfura, cewa mu Musulmi ne, ba ma cin alade, ba ma shan giya. Ta ce ta ji. Na zaɓi adas, ɗan waken nan mai faɗi, wanda allon ya ce da kayan lambu aka dafa shi. Aka kawo yana tururi. Na juya da cokali, karas ne da dankali da albasa, ko tsoka ɗaya babu. Na yi bisimilla na ɗebo. Cokalin bai kai bakina ba sai ga ta ta fito daga kicin da sauri, ta ɗora tafin hannunta a saman farantin.

"Tsaya, kada ka ci," in ji ta. "Na koma na tambayi kuku. Babu nama a ciki, amma da ƙashin cinyar alade ya tafasa romon tun safe. Ka yi haƙuri, tun farko ya kamata in tambaya."

Ta ɗauke farantin. Kukun da kansa ya fito yana goge hannu a jikin rigar aikinsa, ya ba mu haƙuri, ya lissafa mana abin da ke kan wuta ɗaya bayan ɗaya: wannan da man zaitun kawai, wannan kifin an zuba masa farar giya, ku bar shi. Ya soya min wainar ƙwai da dankali, wadda suke kira tortilla, mai kauri kamar yatsu uku. Maiɗakina ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce, "Malam, wannan baiwar Allah ta fi wasu namu tsoron abin da zai shiga cikinmu."

Ku duba fa. Da ta yi shiru, har abada ba zan sani ba. Zan cinye, in biya, in yi godiya, in tafi. Dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa masu sayar da abinci su bayyana abubuwa 14 da ke iya tayar wa mutum da ciwo, irin su gyaɗa, madara, ƙwai, kifi da riɗi, amma alade ba ya cikinsu. Babu jami'in da zai kama ta. Ba addininta ba ne, kuma a ƙasar da ake rataye cinyoyin alade a saman kanti kamar yadda ake rataye kaya a Kantin Kwari, romon ƙashi ba komai ba ne a wurinsu. Kawai na gaya mata magana, ta ce ta ji, sai ta ɗauki wannan "na ji" ɗin a matsayin alkawari.

Wallahi a kan wannan teburin gida ya faɗo min a rai, kuma ba da daɗi ba. A gida babu mai tambayar ko akwai alade a miya, alhamdu lillahi. Amma sau nawa ka tambayi mai abinci, "Miyar ta yau ce?" ta ce maka yanzu aka sauke, alhali ta jiya ce aka ɗumama aka ƙara ruwa? Sau nawa ka ce akwai kaza, yaro ya ce akwai, ka zauna minti arba'in, sannan ya dawo ya ce ta ƙare tun azahar? Man suya ya yi baƙi ƙirin, ana ta ƙara sabo a kan tsoho. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan masu nunar da ayaba da mangwaro da sinadarin kabaid, da masu zuba buromet a burodi. Waɗannan ba baƙi ba ne, 'yan uwanmu ne, sahu ɗaya muke tsayawa da su. Mun iya tambayar waye ya yanka, kuma daidai ne mu tambaya, amma mun daina tambayar ko mai sayarwa ya faɗi gaskiyar abin da ke tukunyarsa. Ga farashi da ke bin fuska: in ka sauko daga mota da babbar riga, kuɗin farantinka daban. A nan abin da allo ya ce shi za ka biya, haraji na ciki, ko minista ne kai ko mai ɗaukar kwali a ma'ajiyar lemu kamar ni. Kowane shago yana da takardar ƙorafi ta hukuma da dole a ba ka in ka nema. Tun 2022 ma doka ta ce in ka nemi ruwan famfo a gidan abinci, kyauta za a ba ka.

Kada ku ɗauka komai daɗi ne. Lokacin cin abincinsu kaɗai ya isa ya gajiyar da Bahaushe. Ba a fara na rana sai wajen ƙarfe biyu, da ƙarfe huɗu ta yi kicin ya rufe, ba kuma za a sake kunna wuta ba sai takwas ko takwas da rabi na dare. In yunwa ta kama ka da la'asar, sai dai burodi da kofi. Alade kuwa yana ɓuya inda ba ka zato: a cikin wake, a cikin miyar ganye, har a wasu kayan fulawa masu zaƙi da ake kwaɓawa da kitsensa. Naman kaza da na sa ba yankanmu ba ne, don haka a gidajensu kifi nake ci da kayan lambu. Yaji babu. Ka ce a sa maka barkono, a kawo maka wani jan gari mai ƙamshin hayaƙi wanda ko jariri ba zai yi tari ba. Wasu wuraren burodin da aka ajiye maka ba ka nema ba sai ka gan shi a rasit, in ka zauna a waje kuma a ƙara maka kuɗin kujera. Babu gyara. Babu mai ce maka "bisimilla" daga teburin kusa. Na sha ganin tsoho shi kaɗai da farantinsa, mutane suna wucewa, babu mai cewa sannu. Wannan yana min ciwo, don a tashar mota a gida ko ɗan wake kake ci sai ka yi wa na kusa da kai tayi.

Amma shinkafarsu, a yaba. Nan ne asalin paella, a bakinsu kamar "fa'eya". Kudu da birni akwai tafkin Albufera, sunan daga Larabci ne, al-buhaira, kuma gefensa fadamar shinkafa ce, wadda aka fara nomawa a yankin tun zamanin da Musulmi ke mulkin Andalus. Kalmarsu ta shinkafa ma, arroz, daga Larabci ta fito. Ta gargajiya da kaza da zomo da koren wake da wani farin wake mai faɗi ake yi, wani lokaci da dodon koɗi. Ni ta kifi da jatan lande nake ci, a wani gida a ƙauyen El Palmar da muke zuwa in an yi albashi. A faffaɗan kasko ake dafa ta, shinkafar ba ta wuce kaurin yatsa ba, da za'afaran, kuma da an zuba ta ba a ƙara juyawa. Ba a yi wa ƙasa da mutum biyu, kuma sai ka jira fiye da rabin awa. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙanzo. Ƙanzon da muke bar wa yara a gindin tukunya, su suna kiransa socarrat, kuma da shi ake gane gwanin kuku. Za ka ga manya da cokali suna kankare kasko, kowa yana kare ɓangarensa.

Sai kunun aya. Ranar da na fara shan horchata a garin Alboraya, arewa da birni kaɗan, na ajiye kofin na yi shiru. Kunun aya ne, sak, sai dai babu dabino babu kwakwa babu citta. A nan suna noma ayarsu, suna da hatimin hukuma da ke kare sunanta, ana shanya ta watanni kafin a niƙa, ana sha da wani dogon burodi mai zaƙi da ake tsomawa. Kuma tasu ba ta isarsu, suna sayo ƙari daga Afirka ta Yamma, har da Nijar, inda yankin Maraɗi ya yi suna wajen nomanta. Wato mai yiwuwa ayar da wani manomi ya haƙo da hannunsa a ƙasar Hausa ce ake sayar min a kofin gilashi a kan Yuro uku da wani abu. Mu kuwa da muka fi su iya haɗi, a tsofaffin robobin ruwa da aka tsinto muke ɗurawa, kafin yamma ya yi tsami.

In kewar gida ta yi min yawa, wajen Indiyawa nake zuwa. Sunan ke nan, amma da yawan gidajen 'yan Pakistan ne ke riƙe da su, kuma wanda nake zuwa naman halal yake saye a mahautar da ni ma nake saye. A nan nake cin nama da kwanciyar hankali. Maigidan yana ce min ɗan'uwa. Zuwana na farko abincin ya zo salam, don sun saba rage yaji saboda mutanen gari. Na ce masa ya yi min irin wanda yake ci da iyalinsa. Ya yi dariya ya shiga ciki, ya dawo da biryani na rago da sai da na share gumi. Ga kuɓewa soyayya da albasa, ga alayyafo, ga miyar tsamiya da ake dangwala samosa, ga man shanu yana ƙamshi, ga lassi wanda ba shi da maraba da kindirmon da aka dama. Ya taɓa shigar da ni kicin na ga yadda suke gasa burodinsu naan: a manna ƙullun a jikin tukunyar ƙasa mai wuta a gindi, suna kiranta tandur. Na ce masa a Kano tanderu muke cewa, kuma haka ake gasa gurasa. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ba bandashe ba ne, babu ƙuli babu man gyaɗa, amma in na yaga shi da zafinsa da hannu, Jakara nake tunawa.

Duk da haka Rusafa nake komawa kusan kowane mako. Yanzu da mun shiga dattijuwar nan take nuna allo da yatsa: wannan e, wannan a'a, wannan bari in tambaya. Rannan ta ce tana son ɗanɗana yajin da kullum nake ba ta labari. Don haka duk mai tahowa cikin 'yan uwa, don Allah ya riƙo min yajin ƙuli da daddawa da kuka. Kada a sako kilishi, ba a shiga Turai da nama a jaka, a filin jirgi za a ƙwace. In yajin ya iso zan kai mata, kuma kafin ta buɗe zan gaya mata akwai gyaɗa a ciki.