Vasopressin ko hydrocortisone bayan tiyatar zuciyar yaro?

Ma'aikatan jinya suna yawan tambayata: idan jinin yaro ya sauka bayan tiyatar zuciya, ga adrenaline, maganin ƙarfafa bugun zuciya, na shiga amma jinin ya ƙi tashi, wanne za a ƙara, vasopressin ko hydrocortisone?

Duka biyun sinadarai ne da jiki ke samarwa da kansa, kuma a wasu yara sukan yi ƙaranci bayan an cire su daga injin da ya riƙe aikin zuciya da huhu.

Vasopressin matse jijiyoyin jini yake yi, cikin mintuna za ka ga awo ya hau a allo, ba tare da ya ƙara gudun zuciya ba. Abin da nake tsoro shi ne zuciya mai rauni, domin tura jini cikin matsattsun jijiyoyi ƙarin wahala ne gare ta. Yana kuma iya rage gishirin jini, yatsu su yi sanyi. Ga tsada.

Hydrocortisone kuwa ya fi araha da sauƙin samu, sai dai yakan ɗauki sa'o'i kafin ya ɗaga jini. Yana ɗaga sukari, yana buɗe ƙofar kamuwa da cuta, alhali ga ɗanyen ɗinki a ƙirji.

Yaron da zuciyarsa ke bugawa da ƙarfi amma jijiyoyi sun saki, vasopressin ya fi dacewa da shi. Jaririn da likita ke zargin ƙarancin cortisol (wato hydrocortisone ɗin da jiki ke samarwa) a jikinsa, hydrocortisone ne nasa.