Teburin kuɗi ko gasa: wanne ya fi wa wanda sa'a ta juya wa baya a foka?

Ɗan'uwa, ka ce wata biyu ke nan kana buga Texas Hold'em, wani nau'in wasan kati na foka, a intanet a ƙaramin tebur na santi 1 da santi 2, jarinka sai zaizayewa yake yi, har sau uku aka doke ka kana riƙe da AA, wato katin A guda biyu, mafi ƙarfin abin da ake fara wasa da shi. Kana tambaya ko ka bar teburin kuɗi ka koma gasa, tunda can da dala 1 ko 2 ake shiga, wanda ya dace kuma ya fito da ɗaruruwa. Idan rashin sa'a ne ya kore ka daga tebur, komawa gasa gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Mu fara da AA ɗin da ke cin ranka. Idan ka tura komai, wato ka zuba duk kuɗin da ke gabanka, da AA, wani ya bi ka da KK (katin K guda biyu, mai bi wa AA a ƙarfi), kana da kusan kashi 82 cikin 100, shi yana da 18. AA na zuwa maka sau ɗaya cikin hannu 221 (hannu shi ne rabon kati ɗaya), wato wajen sau 45 a hannu 10,000. Da a ce kowane karo haka aka yi, da ka faɗi kusan sau 8, ba tare da wani ya yi maka maguɗi ba. A teburin kuɗi wannan faɗuwar dala 2 ce, ka sake cika gabanka, hannu na gaba ya same ka kamar yadda kake ɗazu. A gasa kuwa faɗuwar ita ce sallama, ko da ka yi awa uku kana tara ƙwandalolin da ake buga gasar da su a madadin kuɗi. Kuma kafin ka kai teburin ƙarshe sai ka tsallake irin wannan karo sau da yawa. Ko da kowanne kana da kashi 82 ɗin, damar ka tsallake huɗu a jere kashi 45 ce kawai. Galibinsu ma ba su kai haka daɗi ba: AK ne da QQ, kusan raba-daidai.

Abin da mutane ba sa son ji shi ne tsawon lokacin da sa'a kan ɗauka kafin ta daidaita. Ɗauki gwani a tebur mai mutum shida, wanda ribarsa babban zubi 5 ce a kowane hannu 100 (babban zubi shi ne kuɗin dolen da ake sawa kafin a raba kati, santi 2 a teburinka). Hawa da saukar da aka saba gani a wannan wasa kan kai babban zubi 80 zuwa 100 a hannu 100 ɗin. Idan ka yi lissafin, bayan hannu 10,000 kusan uku cikin goma na irin waɗannan gwanaye suna cikin asara. Sai an kai hannu 100,000 adadin yake sauka zuwa wajen kashi 5. Tebur ɗaya a intanet kan ba ka hannu 60 zuwa 80 a awa, don haka wata biyunka bai isa ya yanke maka hukunci ba, ko na iyawa ko na rashinta.

A gasa abin ya fi haka muni. Yawanci kashi 10 zuwa 15 na waɗanda suka shiga ake biya, ƙaramin kason bai cika wuce ninki biyu na kuɗin shiga ba, kuɗin kirki yana wurin ukun farko. Mutumin da ake biyansa sau 15 cikin 100, duk gasa goma da ya ɗauko a jere akwai damar ɗaya cikin biyar ya fito daga cikinsu ba ko sisi. Shi ya sa masu wasan ke cewa a teburin kuɗi ka tanadi jarin da ya ninka kuɗin shiga sau 30 ko fiye, a gasa mai jama'a da yawa kuwa 100 shi ne mafi ƙaranci. Na san labarin da ke jan mutane: Chris Moneymaker, akawu daga jihar Tennessee, wanda ya samu kujera ta wata ƙaramar gasa a shafin foka na PokerStars da kuɗin da bai kai dala 100 ba, ya je Las Vegas a 2003 ya cinye babbar gasar World Series of Poker, ya tafi da dala miliyan 2.5. Mutum 839 suka shiga a shekarar, kujera ɗaya dala 10,000, mafi yawansu kuma hannu rabbana suka koma gida.

Gasa tana da nata alheri, ba zan danne mata ba. Asararka ta tsaya a kuɗin shiga, kuma ƙananan gasanni cike suke da waɗanda nishaɗi ya kawo su. Teburin kuɗi ba shi da wannan birki. An doke AA ɗinka, zuciya ta ɗebe ka, ka cika dala 2, ka fara burga inda ba ta ci, ka sake cikawa, kafin ka ankara hannu ɗaya ya jawo maka asarar shiga biyar. Idan wannan ce cutarka, maganinta doka ce da za ka kafa tun kana cikin hayyacinka: an cinye maka shiga uku, ka rufe kwamfuta sai gobe. Hawa babban tebur don maido da asara kuwa, kada ma ka soma.

Wajen koyo, tebur ya yi wa gasa nisa. Kullum kana zaune da babban zubi 100, yanayi iri ɗaya yana ta maimaituwa har ka gane inda kake yoyo. A gasa zubin dole yana ta hawa, ƙwandalolinka suna raguwa, rabin lokacinka kana da babban zubi 10 ko 15, zaɓinka biyu ne: ka tura komai ko ka zubar. Fasaha ce ita ma, amma sakamakon gasa ɗaya ba ya gaya maka komai game da yadda ka buga.

Yoyon kuma ba a AA yake ba. Ga inda yake: kana riƙe da kati biyu kala ɗaya, wato masu alama iri ɗaya, an buɗe uku a tebur, biyu daga ciki kalarka ce, saura ɗaya ka cika biyar. Kati 9 cikin 47 da ba ka gani ba ne za su cece ka, wato kusan kashi 19 a kati na gaba. Tulin tsakiya, wato kuɗin da aka riga aka zuba, santi 20, abokin karawarka ya zuba 20. Za ka biya 20 don ka ci 40, ke nan kana buƙatar kashi 33. In ba kana da tabbacin zai ƙara biyanka da yawa idan katin ya zo ba, bin nan asara ne. Santi 20 ba ya zafi, shi ya sa ba wanda ke kawo ƙorafinsa a nan, amma sau nawa yake faruwa a dare ɗaya?

Sai kamasho. Gidan wasa kan yanki wajen kashi 5 na tulin a ƙananan tebura, a gasa kuma wajen kashi 10 na kuɗin shiga. Ko da ku shida ɗin ƙarfinku ɗaya, gaba ɗayanku raguwa kuke yi, don haka masu asara sun fi masu riba yawa a ɓangarorin biyu. Hukuncin caca a Musulunci kuma ba ɓoyayye ba ne, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya. Ba fatawa ka nema ba, amma ba zan yi kamar ban sani ba. Wanda lissafin wasan ne ke burge shi, akwai tebura na ƙwandalolin wasa da ba a sa kuɗi, sai dai mutanen can bin komai suke yi. Idan kuma ka fara taɓa kuɗin cefane ko cin bashi, maganar tebur ko gasa ta ƙare, dainawa ce ta rage.

In dai za ka ci gaba, zauna a santi 1 da 2, tebur ɗaya ko biyu, da jarin dala 60 da ka yafe. Sa tarihin hannayenka a manhajar bin diddigin wasa, PokerTracker ko Hold'em Manager. Za su nuna maka layi biyu, abin da ka samu da abin da ya kamata ka samu a duk inda aka tura komai, tazarar da ke tsakaninsu ita ce rashin sa'ar da za a iya aunawa. Sannan duba kason hannayen da kake shiga da son ranka. A tebur mai mutum shida masu riba kan tsaya tsakanin kashi 20 da 25. Turo mana naka tare da yawan hannun da ka buga. Idan ya haura 35, daga nan za mu fara gyara.